Bukoki: a tona ƙasa kafin a biya kuɗin fili

Duk wanda ya ratsa kasuwar Katako da hantsi cikin watan Maris ko Afrilu zai ga yadda buhunan siminti da sandunan ƙarfe da kwanon rufi suke fita bisa kura da amalanke, suna nufar unguwannin birnin Yamai. Lokacin gini ke nan. Ma'aikaci ya ci bashin banki, ɗan kasuwa ya gutsuri jarinsa, kowa yana son ya rufa wa iyalinsa asiri kafin damina. Ana tambayar farashin siminti, ana bincika ko takardar fili ta gaskiya ce, ana ciniki da magini. Amma da wuya a sami mai tambayar irin ƙasar da za a ɗora ginin a kanta. Sai watan Agusta ya kama, bango ya tsage, salga ta cika ta tumbatsa, sannan a tuna da maganar Hausawa cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Unguwar Bukoki, wadda ta samo sunanta daga bukkokin da mutanen farko suka kafa a wurin, makaranta ce ga mai son fahimtar wannan al'amari. Tana gefen kwarin Gunti Yena, wanda ya keto birni daga arewa ya faɗa kogin Isa kusa da gadar Kenedi. A kan tudu ƙasar yashi ce, ruwan sama na sauka tana shanyewa. Da an gangara wajen kwarin sai ƙasa ta yi laushi, ta yi duhu, ta riƙe danshi har cikin rani, shi ya sa masu lambu suka jera a bakinsa. Tafiyar 'yan mintoci ce tsakanin wuraren biyu, amma gida ɗaya da aka gina da kuɗi ɗaya ba zai yi kwana ɗaya a cikinsu ba.

Inda laka take samo asali

Laka, ko yumɓu, ita ce mafi ƙanƙanta cikin ƙwayoyin ƙasa. Ƙwayar yashi tana iya kai milimita 2, ido na ganinta. Ƙwayar laka kuwa ba ta kai kashi 2 cikin 1,000 na milimita ba. Saboda wannan ƙanƙanta, ruwa mai gudu ba ya ajiye ta. Yakan zubar da tsakuwa da yashi a hanya, ya wuce da ita. Sai inda ruwa ya kwanta ya natsu, a tabki ko fadama ko bayan gaɓar kogi, sannan take sauka sannu a hankali, shekara bisa shekara. Ke nan duk inda aka tarar da shimfiɗar laka mai kauri a fili mai baje, alama ce ta cewa ruwa ya daɗe yana kwana a wurin, kuma ba abin mamaki ba ne ya komo.

Babban misalin wannan yana arewacin Amurka da Kanada. Kimanin shekaru 13,000 da suka wuce, ƙanƙarar da ta lulluɓe yankin ta soma narkewa, ragowarta kuma ta toshe wa ruwa hanyar fita ta arewa. Sai wani makeken tabki ya taru, wanda masana suka raɗa wa suna Agasiz a 1879. Ya ƙafe wajen shekaru 8,200 da suka wuce, ya bar fili shimfiɗe kamar faifai, da laka mai zurfin mitoci. Kogin da ke ratsa filin a yau, wanda ake kira Jan Kogi, yana tafiyar kilomita 885 amma gangarensa duka bai wuce mita 70 ba. Ƙasar tana ba da alkama da gwozar sukari mai yawa, sai dai in ruwa ya zo ba shi da wurin zuwa. A 1997 ambaliya ta tilasta wa kusan dukan mazauna garin Giran Foks barin gidajensu.

Ƙasar Nijar ba ta ga irin wannan ƙanƙara ba a wancan zamani, amma tana da nata tsohon tabki. Wajen shekaru 7,000 da suka wuce, tabkin Cadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin Nijar ta yau. Da ya janye, ya bar filayen laka a Kadzel cikin jihar Difa, da baƙar ƙasar da Barebari ke kira firki a Borno. Abin da ƙanƙara ta yi a can, damina mai ƙarfi ta zamanin da ta yi shi a nan. A Yamai kuwa, kogin Isa ne ya yi wannan aiki a filayen Saga da Kirkisoi, ƙoramu irin su Gunti Yena kuma suka yi nasu daidai ƙarfinsu.

Yadda aka karkasa ta

Manomi Bahaushe ya riga masana rarrabe ƙasa. Ya san jigawa ta gero da gyaɗa, ya san geza mai tauri, ya san faƙo inda ruwa ke zamewa bai shiga ba, ya san fadama da lakarta. Bazabarme ma yana da tasi, da gangani, da botogo. Cikin shekarun 1960, masanan hukumar ORSTOM ta Faransa, irin su Gavaud da Boulet, suka zagaya kudancin Nijar suka zana taswirorin ƙasa na yankunan Yamai da Maraɗi da Damagaram. Tsarin Faransa na 1967, da na duniya wanda hukumar FAO ta fitar a 1998, sun bambanta wajen sunaye, amma game da laka mai riƙe ruwa duk sun tsaya kan iri uku da ya kamata mai gini ya sani.

Na farko ita ce ƙasar da ruwa ke taso mata daga ƙasa, wadda masana ke kira gile. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa, yana jiƙa ta yawancin shekara. Da yake iska ba ta shiga, ƙananan halittun da ke cikinta sukan janye iskar da ke haɗe da sinadarin ƙarfe, sai jan launi ya gushe, ƙasa ta koma toka-toka ko shuɗi-shuɗi, wani lokaci har da wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Irinta ake samu a gindin kwari da bakin tabki.

Na biyu ita ce wadda ruwa ke kwanta mata daga sama. A nan ruwan rijiya yana iya yin nisa, amma akwai shimfiɗar yumɓu ko marmara a tsakani da ke hana ruwan sama nitsewa. Da damina ta jiƙe sharkaf, da rani ta bushe ƙamas. Alamarta dabbare-dabbare ne: toka-toka gauraye da ɗigon ja kamar tsatsa, inda iska ta samu shiga. Wannan ita ce mai yaudara, domin mai sayen fili a watan Maris ba zai ga komai ba sai yashi a sama.

Na uku ita ce baƙar laka mai kumburi, wadda ake kira bertisol. Aƙalla kashi 30 cikin 100 nata laka ce, kuma irin lakar da ke shan ruwa ta kumbura, ta bushe ta motse. Da rani takan dare har hannu ya shiga tsagar, ɓarɓashi ya zuba ciki; da damina ta kumbura ta tura abin da ke kanta. Harsashin gini da ke bisa irin wannan ƙasa yana hawa yana sauka kowace shekara, har bango ya tsage daga kusurwar taga zuwa ƙasa. Firkin Borno da lakar tabkin Agasiz duk 'yan gida ɗaya ne.

Abincin wani, gubar wani

Ƙasar da ke kayar da gida ita ce ke cika rumbu. A kan firki, manoma suna yin kunya su tare ruwan damina, sannan in ya janye wajen Oktoba su dasa masakwa, su girbe ta a Janairu ko Fabrairu ba tare da ɗigon ruwan sama ba, da danshin da laka ta adana kawai. A Saga da Kirkisoi, riƙe ruwan nan ne ya sa gonakin shinkafa da ke ƙarƙashin kulawar ONAHA, wadda aka kafa a 1978, suke ba da girbi biyu a shekara. A jihar Ohayo ta Amurka akwai wata fadama da wani tsohon tabkin ƙanƙara ya bari, wadda matafiya ke gudu saboda taɓo da zazzaɓi. Daga tsakiyar ƙarni na 19 aka haƙa mata magudanai, aka binne bututun da aka gasa da lakar wurin, ta zama gonakin masara. Amma aikin ya ci shekaru arba'in da haɗin kan gundumomi, domin ruwan da mutum ya kora daga filinsa gidan maƙwabci yake shiga.

A Yamai akwai ƙarin dalilin yin hattara. Binciken masanan IRD, magajiyar ORSTOM, ya nuna cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa a yankin da ke gabas da birnin ya hau da kimanin mita 4 tsakanin 1963 da 2007, duk da farin shekarun 1970 da 1980. Dalili shi ne sare daji: ƙasa ta yi faƙo, ruwan sama ya riƙa gudu yana taruwa a tabkuna, daga nan ya nitse. A cikin gari, kwanon rufi da kwalta suna ƙara gudun ruwa zuwa kwari, ruwan wanka da wanki da na bututun da ke yoyo kuma suna ƙara jiƙa ƙasa. Saboda haka filin da uba ya sani busasshe yana iya zama fadama a hannun ɗansa. Ga kuma kogi: a Satumba 2020 ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, alhali jan layin haɗari yana kan 620, ya fasa shingen Lamorde, ya shiga gidaje a Kirkisoi da Saga. Filayen lakar da ya shimfiɗa da kansa ya koma wa.

Abin da mai saye zai duba

Sayen fili da rani ba tare da tono ba cinikin biri ne a sama. Mai niyya ya daure ya je wurin a watan Agusta, kwana biyu bayan ruwa mai ƙarfi, ya ga ko ruwa na kwance. Ya sa a haƙa rami mai zurfin mita ɗaya da rabi, ya dubi launin bangonsa: ja ko ruwan ƙasa bai ɗaya alama ce ta iska na shiga, toka-toka ko ɗigon tsatsa kuwa shaidar ruwa ce. Ya jiƙa ɗan dunƙule ya murza. In ya yi igiya har ya lanƙwasu kamar zobe bai karye ba, laka ta yi yawa. Ya dubi bangon maƙwabta, ko akwai layin danshi da farin gishiri a gindinsa, ya tambayi zurfin rijiyarsu da yadda salgarsu take yi da damina. Itatuwa ma shaidu ne: inda giyayya da bagaruwa da kacalla suka yi yawa, ruwa na kwana.

In alamun sun bayyana, mai ginin bene ya nemi a gwada masa ƙasa a ɗakin bincike kafin a zuba harsashi. Mai ƙaramin gida kuma ya zurfafa harsashi, ya ɗaure shi da ƙarfe, ya ɗaga daɓe sama da hanya, ya nisantar da indararo da salga daga bango. Akwai kuma filin da maganinsa shi ne a bar shi ga masu lambu, komai arahar da dillali ya yi masa, tun da araha ba ta ado.

Sauran aikin na hukuma ne. Taswirorin ƙasa suna nan tun shekarun 1960, cibiyar INRAN da aka kafa a 1975 tana da masana da ɗakin gwaji, jami'ar Abdu Mumuni ma haka. Ya kamata ma'aikacin da ke yanka filaye ya buɗe waɗannan takardu kafin ya kafa turaku, a kuma yashe magudanan Gunti Yena tun hadari bai taso ba. Mutanen Bukoki da ke zaune a gangaren kwarin sun san inda ruwa ke kaiwa kowace damina, har suna iya nuna shi a jikin bango. Baƙon da ya zo da kuɗinsa, ya fara gaida su kafin ya gaida dillali.