Zaɓen Jami'a Don Nazarin Muhalli: Abin Lura Ga Ɗaliban Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa

1.0 Gabatarwa

Kowace shekara, idan lokacin cike takardar Hukumar JAMB ya zo, ɗalibai da iyayensu da malamansu sukan shiga shawarar jami'ar da ta kamata a zaɓa. Galibi abin da yakan rinjaye su shi ne sunan jami'a da kuma wuyar samun shiga cikinta, domin an ɗauka duk makarantar da take mayar da masu nema da yawa, to, ita ce ta fi kowace. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba wannan zato dangane da fanni guda, wato nazarin muhalli, tare da kawo misalai daga Kazaure da Roni da Gwiwa, waɗanda ke cikin Masarautar Kazaure, da kuma Babura ta Masarautar Ringim. Za a nuna cewa a wannan fanni wuyar shiga ba ta isa ma'auni ita kaɗai ba. Akwai batun ma'anar kalmar muhalli, da kusancin jami'a da irin ƙasar da za a nazarta, da kuma harshen mutanen da ke zaune a kanta.

2.0 Ma'anar Muhalli

Kalmar muhalli ararriya ce daga Larabci, kuma asalin ma'anarta shi ne wuri ko mazauni. Har yau idan Bahaushe ya ce wane ba shi da muhalli, yana nufin ba shi da gidan zama. Daga baya ne, musamman ta hanyar rediyo da jaridu, ma'anar ta faɗaɗa ta ƙunshi ƙasa da ruwa da iska da itatuwa da dabbobi, wato duk abin da ke kewaye da ɗan Adam.

Abin sha'awa shi ne, waɗannan ma'anoni biyu suna nan a tsarin jami'o'in Nijeriya. A wasu jami'o'i, tsangayar da ke ɗauke da sunan muhalli tana koyar da abin da ya shafi mazauni ne. Alal misali, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, tsangayar da ke da wannan suna ita ce ke koyar da zanen gine-gine da aikin gini da tsara birane. Ɗalibin da ya fito daga Babura da niyyar nazarin kwararowar hamada, idan ya bi sunan tsangaya kawai, yana iya samun kansa a ajin zanen benaye. Abin da yake nema yana can a sashen labarin ƙasa, ko na gandun daji, ko na nazarin ƙasar noma, ko na kula da muhalli. Saboda haka, matakin farko shi ne a san sunan kwas da abin da ya ƙunsa tun kafin a yi zancen sunan jami'a.

3.0 Abin da Wuyar Shiga Take Nunawa

An kafa Hukumar JAMB a 1978 domin ta haɗa jarrabawar shiga jami'o'i wuri ɗaya. Ana auna ɗalibi a darussa huɗu bisa maki 400, sa'an nan ana bukatar kiredit biyar a jarrabawar gama sakandare, cikinsu har da Ingilishi da lissafi ga mai neman fannin kimiyya. Tun daga 2005 kuma jami'o'i suka soma yin tasu tantancewar bayan ta JAMB. A jami'o'in tarayya ana raba guraben karatu kashi uku: kashi 45 cikin 100 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya wajen ilimin boko. Jigawa tana cikin rukuni na ƙarshe.

Daga wannan tsari za a fahimci abubuwa biyu. Na farko, makin da jami'a take yankewa ya dogara ne da yawan masu nema da yawan guraben da ke akwai. Cunkoson da ake gani a tsofaffin jami'o'i irin su Ibadan, wadda ta faro tun 1948, ya fi tsanani a fannin likita da lauya. Wannan cunkoso yana ɗaga sunan jami'a gaba ɗaya, amma ba ya faɗin kome game da halin da sashen labarin ƙasa ko na gandun daji yake ciki. Na biyu, ɗalibin Roni ko Gwiwa yana da dama a jami'ar tarayya da ke yankinsa wadda ba lalle ya samu irinta a nesa ba. Wanda ya zuba zaɓinsa na farko a inda makinsa bai kai ba, yana iya asarar shekara guda, kuma ga ɗan manomi shekara ba ƙaramin abu ba ce.

4.0 Ƙasar da Za a Nazarta

Nazarin muhalli ya bambanta da lissafi, domin rabin ajinsa a fili yake. Ƙasar Kazaure da Roni ƙasa ce mai duwatsu da tuddai, inda ruwan damina yake gangarowa da ƙarfi yana zaizaye gonaki. Idan aka nufi Babura, kusa da iyakar Jamhuriyar Nijar, sai a tarar da ƙasa mai rairayi, inda iska da ƙarancin ruwa suka fi damun manomi. Dukkan yankin ya sha farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984. Jigawa kuma tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da ke cikin shirin nan na kafa shingen itatuwa a bakin Sahara, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007.

Jami'ar da ke kudancin ƙasa, kome sunanta, hankalin malamanta ya fi karkata ga kurmi da gaɓar teku da malalar man fetur, domin su ne matsalolin da ke gabansu. Jami'ar Bayero ta Kano kuwa tana da Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa, wadda aka kafa a 2012, kuma daga baya ta shiga cikin cibiyoyin da Bankin Duniya yake tallafa wa a Afirka. A Zariya akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta daɗe tana aiki a kan dawa da wake da gyaɗa da auduga. A cikin Jihar Jigawa kanta akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011, da Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa tun 2013, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021, ban da Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure. Sababbin jami'o'i suna da kusanci da sauƙin kuɗin zama, tsofaffi kuwa sun fi yawan gogaggun malamai da tarin littattafai. Wannan shi ne abin da za a ɗora a sikeli.

5.0 Harshe da Ilimin Gargajiya

Akwai jarin da ɗalibin wannan yanki yake da shi wanda ba a auna shi a jarrabawa, wato harshensa. Manomin Hausa ya raba ƙasa iri-iri: jigawa, da fadama, da laka, da fako, da marmara, kowace da abin da ya dace a shuka a cikinta. Sunan jihar ma daga nan ya samo asali. Ya san cewa gawo yana zubar da ganyensa da damina, ya yi kore da rani, saboda haka gero yakan yi kyau a ƙarƙashinsa. Tun a 1916 J. M. Dalziel ya ga muhimmancin wannan sani har ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafi guda.

Misalai biyu za su ƙara fito da wannan batu. Michael Mortimore, wanda ya koyar da labarin ƙasa a Zariya da Kano daga 1962 zuwa 1986, ya shafe shekaru yana bin rayuwar manoman karkarar Kano da ta ƙauyen Dagaceri, a arewa maso gabashin Jihar Jigawa ta yau. Littafinsa na 1989 ya nuna cewa manoma suna da dabarun jure fari da masana na nesa ba su lura da su ba. Haka kuma a ƙasar Maraɗi, daga 1983, aka farfaɗo da dabarar barin kututturan sabara da kalgo da gawo su tofo a cikin gona, ana yi musu aski maimakon a tumɓuke su. Manoma suka raɗa mata suna sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa sun dawo a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Dukkan ayyukan biyu a gona aka yi su, ta hanyar zama da manoma da sauraronsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Don haka sashen da zai fi amfanar ɗalibin Gwiwa shi ne wanda zai tura shi ƙauye ya yi tambaya da Hausa, ya kuma koya masa yadda zai gwada amsar da awo da ɗakin gwaji.

6.0 Matsayin Manyan Jami'o'in Waje

Wannan bayani ba ya nufin a guji jami'o'i masu wuyar shiga. Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan ta shahara a fannin noma da muhalli, haka ma Okusfod ta Ingila, kuma suna da kayan aiki da hulɗa da masana da ba a samu a ko'ina. Sai dai amfaninsu ya fi fitowa a matakin digiri na biyu da na uku, lokacin da ɗalibi ya riga ya san tambayar da yake son amsawa. Masu tantancewa a irin waɗannan wurare sukan duba sakamakon digiri na farko da tsarin binciken da mai nema ya gabatar. Wanda ya auna zaizayar ƙasa a Roni da hannunsa yana da abin da zai gabatar.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ana iya taƙaita tambayoyin da suka kamata malamin sakandare ya taimaki ɗalibi ya amsa. Mene ne ainihin abin da kwas ɗin ya ƙunsa? Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da shi? Su wane ne malaman sashen, kuma a wace ƙasa suke bincikensu? Sau nawa ake fita aikin fili? Makin ɗalibi da ƙarfin aljihun iyayensa za su kai shi? Idan jami'a mai suna ta amsa waɗannan, to, a neme ta da ƙarfi. Idan kuwa ba ta amsa ba, sunanta ba zai hana rairayi binne gonar Babura ba. Akwai kuma aiki a gaban sassan Hausa na jami'o'i, wato tattara kalmomin ƙasa da ruwa da itatuwa na wannan yanki daga bakin dattawa, domin ɗaliban muhalli su same su a rubuce.