Me ya sa tsohuwar mota ke sarƙewa da ƙwanƙwasa, kuma ta ina ake fara gyara?

Tun bayan janye tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, mutane da dama sun haƙura da sauya mota, sun koma lallaɓa tsohuwar da ke hannunsu. Daga cikin matsalolin da suka fi addabar irin su Golf, Peugeot 406 da tsofaffin Corolla akwai sarƙewa idan an taka totur, da kuma ƙarar ƙwanƙwasa daga cikin inji.

Sarƙewa

Inji na buƙatar iska da mai da tartsatsin wuta, kowanne daidai gwargwado kuma a kan lokaci. Idan ɗaya ya gaza, sai a taka totur mota ta yi kamar za ta mutu kafin ta ɗauka, abin da ke da haɗari sosai a lokacin wuce babbar mota.

Ana fara bincike ne daga mai arha. Ƙurar hunturu kan toshe filtar iska, datti kuma ya toshe filtar mai. Daga nan sai a duba fulogi da wayoyinsa da kwayil, sannan ƙarfin famfon mai, da nozul ko kafireta. Tiyon iska da ya tsage ma kan jawo haka. Motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka daga 1996 suna da wurin jona na'urar bincike ta OBD-II, wadda ke nuna inda za a nufa.

Ƙwanƙwasa iri biyu ce

Ta farko siririyar ƙara ce kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, kuma an fi jin ta a hawan tudu ko da lodi. Tana faruwa ne idan wani ɓangare na man ya fashe da kansa a cikin silinda maimakon ya ƙone a hankali. Mai mara inganci, taimin da ya yi gaba, baƙin daskararren hayaƙi a kan fistin da zafin inji duk suna kawo ta. Idan aka bar ta, tana iya lalata fistin.

Maganinta shi ne shan mai a amintaccen gidan mai maimakon na bumburutu, daidaita taimin, da duba lagireto da fanka, musamman a bazara. A watan Fabrairun 2022 an ga illar gurɓataccen mai, lokacin da fetur mai yawan sinadarin methanol ya shigo ƙasar, ya lalata motoci a Legas da Abuja.

Ta biyu ƙara ce mai nauyi daga ƙasan inji, kamar ana buga guduma, tana ƙaruwa da taka totur. Wannan alama ce ta cinyewar ƙarafan da kirankishaf ke juyawa a kansu, galibi saboda ƙarancin baƙin mai ko daɗewa ba a yi juye ba. A nan sai a kashe mota nan take a jawo ta zuwa gareji, domin ci gaba da tuƙi na iya fasa injin gaba ɗaya.

Kafin a biya kuɗi

Wasu kan zuba baƙin mai mai kauri don ƙarar ta lafa, amma hakan ɓoye cuta ne kawai. Ya kamata mai mota ya faɗa wa bakanike lokacin da matsalar ke tasowa, ko da sanyin safiya ne ko bayan inji ya yi zafi, ya kuma nemi a gwada kowane abu kafin a sauya shi. Kuɗin fulogi da filta bai kai na sauke inji ba.