Rumfar renon iri tana son iska

A watan Oktoba masu garka suke shuka irin tumatir. Zafin rana yana ƙone ƙananan tsiro. Shi ya sa ake yi musu rumfa.

A kafa dirka 4 kewayen fangali, tsawon kowace metir 1. A shimfiɗa karan hatsi a bisa, ba da kauri ba, don haske ya ratsa.

Kada a rufe gefen rumfa. In iska ba ta shiga, laima takan yi yawa. Sai gindin tsiro ya ruɓe, ya faɗi. Manomi ya yi hasarar iri.

A yi ban ruwa da safe. In saura mako 1 a yi dashe, a riƙa rage karan, har tsiro ya saba da rana.