Keke a Duwatsun Adar: Jarin Ƙaramin Ɗan Kasuwa Tsakanin Hawa da Gangara

Duk wanda ya taɓa yin sammako ranar kasuwa a kan hanyar da ta tashi daga Madawa ta nufi Buza, ta zarce Keita har ta faɗa birnin Tawa a Jamhuriyar Nijar, ba zai rasa ganinsu ba. Wani ya ɗaure buhun albasa a bayan keke, wani ya rataya kaji, wani kuma jarkokin man gyaɗa ne hagu da dama. Idan an iso hawa sai ka ga kowa ya sauka, ya dafe kan keke yana turawa, gumi na zuba tun rana ba ta ɗaga ba. Waɗannan bayin Allah su ne ke haɗa ƙauyukan kan tudu da rumfunanmu na kasuwa, amma da wuya ka ji an ambace su idan ana maganar sufuri. Shi ya sa a yau muka ga ya dace mu duba lamarinsu, domin ribar da yawa daga cikinmu a bayan kekensu take zuwa.

Ga wanda bai san yankin ba, ƙasar Adar ta bambanta da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Maraɗi ko Katsina. Tuddai ne na duwatsu da marmara, ruwan sama ya tsattsaga su ya yi kwaruruka, kamar kwarin Majiya da na Tarka da na Keita. Noman rani yana cikin kwari, ƙauyuka da dama kuma suna bisa tudu ko a gindinsa. Daga Madawa zuwa Buza kimanin kilomita 50 ne, daga Keita zuwa Tawa kuma kimanin 70, amma mai keke ba da kilomita yake awon tafiya ba, da yawan hawan da ke gabansa yake yi. Mutumin Tama ko Karofane ko Alakai, haka na Tamaske da Ibohamane da Garhanga, ya san kowane hawa kamar yunwar cikinsa.

Idan mai karatu bai manta ba, wannan yanki ya sha wuyar fari a shekarun 1973 da 1984. Tun a 1975 ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya domin kare gonaki daga iska, sannan a 1984 aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin ƙasar Italiya, tare da hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya. An dasa miliyoyin itatuwa, an jera duwatsu a gangaren tuddai, an gina madatsun ruwa da hanyoyin karkara. Abin da ya kamata iyayenmu mata su yi alfahari da shi shi ne, mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsun nan a ka mata ne, ana biyansu da abinci. Wannan gumi nasu ne ya farfaɗo da fako ya koma gona, ya kuma ƙara yawan kayan da ake nema wa hanyar zuwa kasuwa.

To, ina keke ya shigo? Jihar Tawa ita ce cibiyar albasar Nijar, musamman ja ɗin nan ta Galmi da ake lodi zuwa Gana da Kwaddibuwa da Togo da Binin. Babbar mota tana tsayawa ne a bakin kwalta ko a tashar lodi. Tsakanin garka da wannan wuri kuwa, sai amalanke da jaki da babur da keke. Mai buhu ɗari zai yi shatar mota, amma mai rabin buhu, ko mai kwandon tumatir, ko matar da ta tara ƙwai da ƙuli-ƙuli da tafasa na mako guda, idan ta biya kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa, sai ta tarar ribar ta ƙare a hanya.

A shekarun baya, shigowar baburan Sin masu araha da kuma fetur ɗin Nijeriya da ake sayarwa a kwalabe sun sa mutane da yawa sun jingine kekunansu. Sai dai al'amura sun canja. A ranar 29 ga Mayu 2023 gwamnatin Nijeriya ta sanar da cire tallafin mai, farashi ya ninka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na wannan shekara aka rufe iyaka, ba a buɗe ta ɓangaren Nijeriya ba sai a Maris 2024. A Maris 2025 kuma aka yi fama da ƙarancin fetur a gidajen man Nijar. Duk wannan lokaci keke bai shiga layi ba, domin mansa hura ce da tuwon gero.

Bari mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa, a matsayin misali kawai. A ce mace tana biyan jaka ɗaya ta sefa kowace ranar kasuwa domin a kai mata kaya a dawo mata da saƙo, kuma tana cin kasuwa biyu a mako. A wata jaka 8 ke nan, a shekara ta haura jaka 100. Kowa ya je wurin masu sayar da keke na hannu ya tambayi farashi, ya kwatanta da kansa. A wannan yanki ba kasafai ake ganin matar aure a kan keke ba, amma babu abin da ya hana ta mallake shi, ta sa ɗanta ko ƙaninta yana kai mata kaya, kamar yadda take mallakar tunkiya wani ke kiwo. Adashe ɗaya na iya fitar da shi.

Amma fa a ƙasar duwatsu keke yana da sharuɗɗa, kuma wanda ya raina su yana iya rasa kaya, ko ma rai. Na farko shi ne lodi. Babban buhun albasa yakan wuce kilo 100, kuma ba a yi keke domin irinsa ba. A ce mahayi kilo 60 ne, keke 20, kaya 80, jimla 160. A hawan da ke tashi mita 5 cikin kowace mita 100, wannan nauyi yana ja da baya tamkar an ɗaura wa keken igiya mai ɗauke da kilo 8, ba hutawa har a kai ƙoli. Saboda haka gara a raba kaya gida biyu, a rataya su ƙasa-ƙasa hagu da dama, maimakon a tula su sama. Sauka a tura kuwa ba abin kunya ba ne, hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa.

Na biyu, wanda ya fi hatsari, shi ne gangara. Nauyin da ya wahalar da kai a hawa shi ne zai tunkuɗa ka a gangare. Tsofaffin kekuna irin su Raleigh da Phoenix suna da ƙarfin ɗaukar kaya, amma birkinsu roba ce ke kama ƙarfe, kuma idan ruwa ya jiƙa ta ba ta kamawa yadda ya kamata. A duba robar birki gaba da baya kafin a tashi. A riƙa kamawa ana saki tun daga saman gangare, kada a bari sai gudu ya yi yawa, kuma kada a danne na gaba shi kaɗai a kan tsakuwa. Masu sa silifa a taya a madadin birki, muna roƙonsu su daina. Kuɗin robar birki bai kai na kwano ɗaya na albasa da zai zube ba, balle kuɗin ɗori.

Na uku shi ne damina. Koramun Adar sukan cika cikin ɗan lokaci, ko da ruwan a wani wuri mai nisa aka yi shi. Ruwan da ya kai gwiwa yana gudu ya isa ya kayar da mutum da kekensa. A jira ya janye, kasuwa ba ta ƙarewa. Haka nan a riƙa tafiya da famfo da kayan faci saboda ƙaya da tsidau, sannan mai dawowa da dare ya sa fitila da abin da ke ƙyalli a baya, domin direban babbar mota ya hango shi.

Wani abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, wannan hawa da mutanenmu ke yi domin neman abinci, a wasu ƙasashe sana'a ce mai kawo suna. Maƙwabciyarmu Burkina Faso tana gudanar da gasar tseren keke ta Tour du Faso tun 1987. Biniam Girmay, ɗan ƙasar Iritiriya mai duwatsu, ya lashe zango uku da koriyar riga a babbar gasar Faransa ta 2024. A Satumba 2025 kuma birnin Kigali na Ruwanda, wanda ke kan tuddai, ya karɓi gasar duniya, karo na farko a Afirka. Keken da suke tsere da shi kimanin kilo 7 ne. Yaron da ya saba hawan tudun Buza da kilo 80 a bayansa, wa ya san inda zai kai idan ya samu irin wannan keke da mai horar da shi?

Kiranmu ga hukumomin gundumomin Madawa da Buza da Keita shi ne su riƙa gyara mashigan korama kafin damina, su kuma ware wa masu keke wurin ajiya a kasuwanni. Direbobi su ba su hanya, musamman a kwana da gangare. Mu kuma 'yan kasuwa, idan mai keke ya iso rumfarmu da kaya, mu tuna tudun da ya hawo kafin mu taya. Allah Ya tsare hanya, Ya ba da kasuwa mai albarka, amin.