BIRI YA YI KAMA DA MUTUM

Idan mai wasa da biri ya shigo kasuwar Jalingo, nan da nan yara sukan kewaye shi. Kai malamin gobe, in ka tarar da su, tsaya ka dubi hannun birin nan. Yatsu biyar gare shi, masu farce irin namu. Idanunsa duka biyu gaba suke duba. Haƙoransa kuwa 32 ne, daidai da na baligin mutum.

Saboda irin wannan kama ne wani masani na ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya sa mutum da birai cikin aji guda a 1758. A 1871 kuma Darwin na Ingila ya ce bisa alama a Afirka asalin mutum yake.

To, a nan ne mutane da yawa ke kuskure. Masanan ba su ce birin kasuwa shi ne kakanmu ba. Abin da suka ce, mutum da cimfanzi, watau babban birin nan marar wutsiya, tushensu ɗaya, amma sun rabu tun shekaru miliyan 6 ko 7 da suka wuce, kowa ya kama hanyarsa. A 2001 an tono wani ƙoƙon kai a hamadar Cadi, aka sa masa suna Tumai, shekarunsa sun kai wajen haka.

Ba sai mun je nesa ba. A dajin Gashaka-Gumti, wanda aka keɓe a 1991, akwai cimfanzi. Masu bincike sun tarar sukan gyara tsinke su zura a rami su ɗebo zuma, ko su kamo kwarkwasa su ci. Ashe ba mutum kaɗai ke aiki da kayan aiki ba. Amma tafiya a miƙe kullum, da magana, da karatu, waɗannan sai ɗan Adam.

Wata rana yaro zai tambaye ka wannan a aji. Kada ka kore shi, kada kuma ka yi masa ba'a. Gaya masa abin da masanan suka ce daidai, da shaidar da suka kawo. Abin da ya shafi addini kuwa, ka tura shi wurin malamansa. Sa'an nan ka tuna masa farauta da saran daji suna rage biran nan. In sun ƙare, wa zai sake ganin kamar?