Kumburi da tsagewar babbar jijiyar jini: Yadda ake gano su da yadda ake yi musu tiyata

A daren 9 ga Disamba, 2022, ana tsaka da wasan Kofin Duniya tsakanin Ajantina da Holan a filin Lusail na ƙasar Katar, ɗan jaridar wasanni na Amurka, Grant Wahl, ya yanke jiki ya faɗi. Rai ya yi halinsa yana da shekara 49. Nan da nan jita-jita ta karaɗe kafofin sada zumunta cewa kashe shi aka yi, kasancewar ya sha sukar mahukuntan ƙasar. Amma binciken gawarsa a birnin New York ya nuna cewa babbar jijiyar jinin da ke fitowa daga zuciyarsa ce ta daɗe tana kumbura har ta fashe.

Wace jijiya ce wannan?

Likitoci na kiranta awota. Daga hagun zuciya take tasowa, ta haura sama, ta lanƙwashe kamar kan sandar dogarawa, sannan ta gangara ta ƙirji zuwa ciki. Jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa da ƙoda da hannuwa da ƙafafu duk ta nan yake bi. Faɗinta kusan santimita 3 ne a jikin baligi, bangonta kuma rufi uku ne.

Larura biyu ke samun ta. Ta farko kumburi: bangon ya yi rauni, ya riƙa buɗewa a hankali tsawon shekaru, galibi ba tare da wata alama ba. Ta biyu tsagewa: rufin ciki ya yage, jini ya kutsa tsakanin rufe-rufen ya buɗe wa kansa wata hanya, wadda kan toshe jinin da ke zuwa gaɓoɓi ko ta fashe waje.

Hawan jini ne kan gaba wajen haddasa su. Sai shan taba, hodar ibilis, tsufa, da cututtukan gado irin su Marfan, wadda masu ita kan kasance dogaye masu dogayen yatsu.

Yadda ake ganowa

Kumburi yawanci a kan ci karo da shi ne yayin ɗaukar hoton ƙirji don wata matsala dabam. Tsagewa kuwa kan zo da ciwon ƙirji ko gadon baya mai tsanani, farat ɗaya, kamar ana yaga nama. Wani lokaci awon jinin hannun dama kan bambanta da na hagu, ko mutum ya suma, ko ɓarin jikinsa ya shanye.

Babban haɗarin shi ne kamanninta da bugun zuciya. Idan likita ya ɗauka bugun zuciya ne ya ba da maganin tsinka jini, zubar jinin na iya ƙaruwa. Hoton CT da ake ɗauka bayan an zuba wani ruwa a jijiya shi ne ya fi saurin tabbatar da ita. Ana kuma amfani da MRI, da na'urar duba zuciya da ake zurawa ta maƙogwaro.

Yaushe ake tiyata?

Ga kumburi, faɗi ne ma'auni. Idan ya kai santimita 5.5, akan shawarci mutum ya yi tiyata. Ga mai Marfan kuwa, tun daga santimita 5. Wanda nasa bai kai haka ba, akan daidaita masa hawan jini a riƙa maimaita hoton.

Tsagewa kuma, tsarin Jami'ar Stanford na 1970 ya kasa ta gida biyu. Nau'in A ya shafi sashen da ke haurawa daga zuciya, kuma tiyatar gaggawa yake buƙata, domin haɗarin mutuwa na ƙaruwa da kashi 1 zuwa 2 cikin 100 a kowace sa'a a kwanakin farko. Ana buɗe ƙirji, a jona majinyaci da na'urar da ke karɓar aikin zuciya da huhu, a yanke sashen da ya lalace a ɗinka bututun Dacron a gurbinsa. Wani lokaci sai an sanyaya jiki zuwa wajen digiri 20, a tsayar da gudanar jini na ɗan lokaci don kare ƙwaƙwalwa.

Nau'in B ya shafi sashen da ke gangarawa. Akan fara da magungunan rage bugun zuciya da hawan jini. Idan abin ya ta'azzara, sai a zura bututu mai ragar ƙarfe ta jijiyar cinya har zuwa wurin tsagewar a rufe ta daga ciki, ba tare da buɗe ƙirji ba.

Inda gizo ke saƙar

Tun 1974 aka yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Najeriya, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Najeriya da ke Inugu. Sai dai ceton mai nau'in A na buƙatar na'urar CT mai aiki, jinin ƙari, wutar lantarki da tawagar ƙwararru a shirye dare da rana, duk a cikin sa'o'i kaɗan. Irin wannan larura ba ta jiran biza ko tikitin jirgi, don haka mai kuɗi da talaka duk asibitin da ke kusa ne madogararsu.

Abin da ke hannun kowa shi ne auna hawan jini a kai a kai da barin taba. Wanda aka samu larurar a jikin mahaifi, ɗa ko ɗan'uwansa na jini, ya nemi a ɗauki hoton tasa jijiyar.