Ina Ya Kamata A Kafa Kyamara A Wurin Cunkoso? Darasi Daga Jamra

Ranar 12 ga Janairun 2006, mahajjata fiye da 340 suka rasu a turmutsitsi a mashigar gadar Jamra da ke Mina. Daga baya masana irin su Dirk Helbing da Anders Johansson suka yi nazarin bidiyon wannan rana. Sun gano cewa tun kusan rabin sa'a kafin hatsarin, tafiyar jama'a ta sauya: a ɗan matsa, a tsaya, a sake matsawa. Daga nan taron ya fara tangal-tangal, ana jefa mutum gefe da gefe ba da son ransa ba. Wato alama ta bayyana da wuri. Tambayar ita ce, yaya za a tsara kyamarori su nuna ta a kan lokaci?

Aikin yana farawa ne da taswirar wurin, kafin ma a sayi kyamara. A raba filin shiyya-shiyya, kowace a san faɗinta da mashigarta da mafitarta. Ma'aunin da ake bi shi ne mutum nawa ne a murabba'in mita ɗaya. Biyu, ana tafiya a sake. Huɗu zuwa biyar, an fara takura. Idan aka kai shida ko bakwai, ƙafar mutum ba tasa ba ce kuma, taron ne ke ɗaukarsa kamar ruwa.

Ga misali na lissafi. A ce shiyya tana da tsawon mita 20, faɗi mita 10, wato murabba'in mita 200, da mutum 400 a ciki. Idan 600 na shiga a minti ɗaya, 500 na fita, to kowane minti ana samun rarar 100. Cikin minti huɗu sun zama 800, huɗu ke nan a kowane murabba'i. Shi ya sa kyamarar da ke ƙirga masu shiga da fita ta fi wadda ke kallon tsakiyar taro amfani: ita ce ke faɗin abin da zai faru nan da 'yan mintuna.

Sai batun inda za a rataya ta. Kyamarar da ke ƙasa-ƙasa tana ganin na gaba ne kawai, sun kare na baya. A ɗaga ta sama, ta leƙo kawuna. A kuma tuna cewa na nesa ƙanana suke fitowa a hoto, don haka dole a nuna wa kwamfuta nisan gaske na kowane ɓangare. Ƙa'idar IEC 62676-4, bugun 2014, ta nuna cewa ɗigon hoto 25 a kan kowace mita sun isa a gane akwai mutum, amma tantance fuska na buƙatar 250. Ƙirga jama'a ba ya buƙatar ganin fuskar kowa, kuma hakan ya fi kare sirrin mutane.

Ganin kyamarori biyu ya ɗan haɗu a kan iyaka don kada a bar gurbi, amma a ja layi a fili don kada a ƙirga mutum sau biyu. A fi ba da ƙarfi ga kwana, matakala, ƙofa, da mahaɗar hanyoyi. Turmutsitsin Mina na 2015, wanda ya rutsa da alhazan Najeriya da Nijar da dama, a mahaɗar tituna na 204 da 223 ya faru, ba a kan gadar ba. A gwada tsarin da rana tsaka da kuma dare, domin laima, ƙura da hasken rana duk suna ruɗa ƙirga.

Abu na ƙarshe, kowace shiyya ta kasance da adadin da idan aka kai shi za a ɗauki mataki, da sunan jami'in da zai ɗauka: wa zai tsayar da masu shigowa, wace hanya za a buɗe. A tsayar da jama'a tun daga baya, inda akwai sarari, kafin su iso maƙurar. Wannan lissafin yana aiki a filin Idi, da hawan Sallah, da filin wasa.